Bahasi a Kan Kwamfutar da Aka Harhaɗa a Gida Ta Ƙi Tashi

A wannan zamani da kayan kwamfuta suka yawaita a kasuwanninmu, tun daga Titin Beirut a Kano har zuwa babbar kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas, samari da dama sun daina sayen na'ura ɗungurungum, sai su riƙa sayen sassanta ɗaya bayan ɗaya gwargwadon ƙarfin aljihu, yau furosesa, wani watan madabod, in an sami sarari a ƙaro ram da fawafak, har ranar da kaya suka cika su shimfiɗa su a tebur su harhaɗa da hannunsu. To, abin da kan sami da yawa daga cikinsu shi ne, bayan an ɗaure sukuru na ƙarshe an yi bisimilla an danna maɓalli, sai a ji shiru, ko fanka ba ta motsa ba. Nan take zuciya takan zabura zuwa ga abin da ya fi tsada, mutum ya ce lalle furosesa ce ta zo a mace, ko kuwa mai shago ya cuce shi da lalatacciyar madabod. A ganina wannan gaggawar hukunci ce, domin alal haƙiƙa galibin irin wannan illa daga ƙananan abubuwa masu araha take tasowa, kuma kamar yadda alƙali mai adalci ba ya ɗaure wanda ake tuhuma sai ya saurari shaidu ɗaya bayan ɗaya, haka ya wajaba ga mai wannan na'ura ya bi sassanta bisa tartibi kafin ya ɗora wa ɗaya daga cikinsu laifi.

Farkon abin da ya kamata shi ne a tantance illar kanta, saboda kalmar "ta ƙi tashi" tana ɗauke da halaye uku waɗanda sabubbansu suka sha bamban. Akwai na'urar da ta yi shiru ƙurmus, babu fitila babu motsi. Akwai wadda fankokinta kan juya na ɗan lokaci kamar ƙiftawar ido sa'an nan su tsaya. Akwai kuma wadda komai nata ke juyawa, fitilu na ci, amma monita ta zauna baƙi ƙirin. Wanda bai rarrabe tsakanin waɗannan ba zai wahala yana neman ciwo inda babu shi.

Mu fara da ta farko, mu kuma bi wutar daga inda take fitowa, watau bango. A jona fitila ko cajar waya a soket ɗin a tabbata yana da wuta, a cire istenshin daga tsakani a jona kai tsaye, domin istenshin ɗin kasuwa ya sha sa mutane zargin kayan dubban nairori a banza. Filogi mai ƙafa uku irin na Ingila, wanda aka fi amfani da shi a Nijeriya, yana da fis a cikinsa, kuma in fis ɗin ya tsinke wayar za ta zama kamar igiya, alhali a ido lafiyarta lau. Mafi sauƙin gwaji shi ne a ari wayar monita, tun da galibi bakinsu ɗaya ne. A bayan fawafak kuma akwai ɗan makunni mai alamar I da O, wanda dole ya kasance a kan I, kuma ba na jin kunyar ambatonsa duk da ƙanƙantarsa, don ko gwanaye sukan manta da shi. Haka nan a lura da ƙarfin wutar gari, domin ranar da aka kawo ta a raunane, ƙwai na ci ja-ja-ja, wata fawafak ɗin ba za ta yarda ta tashi ba sai an bi da ita ta sitabilaiza.

Akwai wani tanbihi a nan wanda ya shafe mu musamman, mu da muke yawan sayen kayan gwanjo daga ƙetare. Wutar Nijeriya bolt 230 ce, ta Nijar 220, ta Amurka kuwa 120, saboda haka tsofaffin fawafak da wasu masu araha suna da wani jan makunni a baya mai lamba 115 da 230. In kayan daga Amurka suka fito, la'alla a tarar da shi a kan 115, wanda kuwa ya jona shi haka a wutarmu zai ji ƙara ya ga hayaƙi, shi ke nan ya yi asara tun bai fara ba. Sababbin fawafak masu nagarta ba su da wannan makunni, suna karɓar daga 100 zuwa 240 da kansu, amma duba wurin kafin a jona wajibi ne.

Kafin mu shiga cikin kesin, watau akwatin na'urar, yana da kyau mai karatu ya fahimci yadda na'urar ke tashi, domin da wannan fahimta ne sauran bincike zai yi masa sauƙi. Tun daga shekarar 1995, lokacin da kamfanin Intel ya fito da tsarin da ake kira ATX, maɓallin da ke gaban kwamfuta ya daina ɗaukar wutar gari. Abin da ke faruwa shi ne, muddin fawafak tana jone, tana aika wata 'yar wuta mai bolt 5 zuwa madabod ta waya mai launin shunayya ko da na'urar tana kashe. Idan aka danna maɓalli, sai ya haɗa wasu fil guda biyu a kan madabod na ɗan lokaci, ita kuma madabod ta haɗa koriyar waya da baƙa, wanda shi ne umurnin da fawafak ke jira kafin ta saki sauran wutar. In ƙarfin ya daidaita sai ta sanar da madabod ta waya mai ruwan toka cewa komai lafiya, sa'an nan furosesa ta soma aiki. In wannan silsila ta yanke kafin fawafak ta saki sauran wutar, sakamakon ɗaya ne, watau shiru. Wasu madabod suna da 'yar fitila da kan kama da zarar wutar jira ta iso, in ka gan ta tana ci ka sami yaƙini cewa daga bango zuwa nan babu matsala.

Bisa ga wannan, wurin da na fi tuhuma a sabuwar na'ura shi ne 'yan siraran wayoyin da ke fitowa daga gaban kesin, waɗanda ake cusawa a wani gungun fil a gefen madabod na ƙasa, wuri matsattse mai rubutu ƙanana da sai an kawo tocila ake karantawa. Wadda aka rubuta wa POWER SW ita ce ta maɓalli, kuma sau da yawa akan sa ta a gurbin RESET, ko na fitila, ko a goce da fil ɗaya. A buɗe littafin madabod a nemo fil biyun da suka dace, a zare wayar, a ɗauki sukundireba mai faɗin baki a taɓa su tare na daƙiƙa guda. Babu haɗari a ciki, domin wutar wurin ba ta kai ta ji wa mutum ba, sharaɗin dai kada bakin ƙarfen ya zame ya taɓa na maƙwabta. In na'ura ta tashi, to, an gane laifin na maɓalli ne ko na gurbin da aka sa wayarsa.

Daga nan sai manyan wayoyi biyu. Ta farko mai fil 24, wadda taurinta kan sa mai sabon hannu ya ji tsoron dannawa ya bar ta rabi a waje. A tallafi madabod a danna har ɗan maƙallinta ya kama, kada a bar ko siririn tsagi tsakanin roba da roba. Ta biyu mai fil 8, ko 4, tana can sama kusa da furosesa, ita ce ke ciyar da ita, kuma ita aka fi mantawa saboda ɓuyan wurinta. Tana da 'yar'uwa mai kama da ita wadda ta katin hoto ce, hanyar rarrabe su kuwa ita ce ta furosesa tana rabuwa huɗu da huɗu, ta kati kuwa shida da biyu. In ɗaya ta ƙi shiga, kada a tilasta ta. Wanda fawafak ɗinsa ke da wayoyi masu cirewa kuma, haramun ne gare shi ya ari wayar wani kamfani ya jona, ko da bakin ya shiga daram, saboda tsarin wayoyin a ɓangaren fawafak ba ɗaya ba ne tsakanin kamfani da kamfani, kuma ta wannan hanya an ƙone faifan ajiya ba adadi.

Idan duk wannan bai yi ba, sai a gwada fawafak ita kaɗai. A kashe ta, a zare dukan wayoyinta daga na'ura, a lanƙwasa ɗan ƙarfen maƙale takarda a cusa baki ɗaya a ramin koriyar waya, watau rami na 16, ɗaya bakin a na baƙar da ke kusa da shi, sa'an nan a kunna. In wayoyin duka baƙaƙe ne, kamar yadda ake yi yanzu don ado, a duba zanen da ke littafi, kada a yi ƙiyasi. Juyawar fanka alama ce ta rai, amma ba hujja ce yankakkiya ba, domin wata takan tashi babu kaya ta durƙushe in an ɗora mata, wata kuma an ƙera ta ne fankarta ba ta juyawa sai ta ɗau zafi. Mai mita ya auna: rawaya bolt 12, ja 5, ruwan lemo 3.3, kuma sassaucin da aka saba yarda da shi kashi 5 ne cikin 100, watau rawaya kada ta sauka ƙasa da 11.4 ko ta haura 12.6. Buɗe cikin fawafak kuwa kada wanda ba gwani ba ya kusance shi, saboda akwai sassa a ciki da ke riƙe wuta mai kisa bayan an zare filogi.

Hali na biyu, na fankar da ke juyawa ta tsaya, galibi yana nuna wuta ta haɗu a wani wuri, fawafak ta kashe kanta don kariya. Madabod ba ta kwanciya a kan ƙarfen kesin kai tsaye, akwai 'yan ƙafafun tagulla da ke ɗage ta, kuma ya wajaba kowace ƙafa ta dace da rami. Ƙafa ɗaya da ta yi saura a inda babu rami, ko sukuru ɗaya da ya faɗa baya, ya isa ya haddasa wannan. Maganin shubuha a nan shi ne a fito da madabod gaba ɗaya a ɗora ta a kan kwalinta, a bar mata furosesa da masanyayinta da ram guda ɗaya da wayoyin wuta biyu kawai, a tashe ta da sukundireba. In ta tashi, sai a riƙa mayar da sauran kaya ɗai-ɗai, ana gwadawa bayan kowane, har mai laifi ya bayyana kansa. Mai yin wannan aiki da hunturu ya yi hattara, domin bushewar iska kan tara lantarki a jiki, irin wanda kan yi tsartsatsi in an cire rigar sanyi cikin duhu, kuma wannan ya isa ya illata ram. Ya taɓa ƙarfen kesin kafin ya ɗauki kowane sashe, ya kuma riƙe shi ta gefe.

Hali na uku ya fi yawan rassa, amma ram ce ke kan gaba. A cire ta a mayar da ƙarfi har maƙallai su ce ƙas, in guda biyu ce a madabod mai gurbi huɗu, galibi gurbi na biyu da na huɗu daga furosesa ake so. Sababbin na'urori masu ram ɗin DDR5 kuma sukan ɗauki mintoci a tashin farko suna daidaita ta, monita na baƙi, mai gajen haƙuri ya kashe ya ce ta lalace. Sa'an nan a duba inda aka jona wayar monita: mai katin hoto a jikin katin zai jona, kuma furosesar Intel da lambarta ta ƙare da harafin F ba ta fitar da hoto da kanta ko kaɗan. Wani sababin shi ne tsufan BIOS, watau ɗan shirin da ke zaune a madabod: madabod irin B450 da aka ƙera kafin fitowar Ryzen 5000 a ƙarshen 2020 ba su san wannan furosesa ba sai an sabunta su, wasu ta filas da wani maɓalli a baya, wasu kuwa sai an aro tsohuwar furosesa. Madabod da yawa suna da fitilu huɗu masu suna CPU da DRAM da VGA da BOOT, wadda ta tsaya tana ci ita ke nuna inda aka maƙale. In madabod ta gwanjo ce, a cire ɗan batirinta mai kama da kwabo, CR2032, na 'yan mintoci bayan an zare filogi, domin ta manta da saitin mai ita na farko.

Sai bayan duk wannan ne ya halatta a tuhumi furosesa da madabod. A ɗaga furosesa a hankali a haska fil ɗin ta gefe, waɗanda a tsarin Intel da AM5 suna cikin soket ɗin da ke kan madabod, a AM4 kuwa suna jikin furosesa. Lanƙwasasshe ɗaya zai bambanta da 'yan'uwansa a ƙyalli. In ba a ga komai ba, a ari fawafak ko ram mai lafiya daga aboki a musanya, abu ɗaya a kowane gwaji. Wanda bincikensa ya tabbatar masa madabod ce, ya tafi wurin mai shago da rasit da kwali, ya zayyana masa gwaje-gwajen da ya yi, kuma kada ya manta ya mayar da baƙin murfin robar da ya zo a kan soket, domin kamfanoni da yawa ba sa karɓar madabod in babu shi.