Kokawar hawa sahun farko a Google: abubuwan mamaki a taƙaice

Mutum ya zauna ya tsara rubutu mai ma'ana, ya ɗora a intanet, sai ya neme shi a Google ya tarar an jefa shi shafi na biyar, inda ba kowa ke leƙawa ba. Wannan takaicin ne ya haifar da sana'a sukutum, wadda masu ita ke kira SEO, wato gyara shafi da tallata shi yadda injin bincike zai ɗora shi a sama. An kusa shekara talatin ana wannan kokawa, kuma abin da aka gani a cikinta ya isa a ba da labari.

Da farko ma babban jagoran masu bincike ba inji ba ne da za a yaudara. Yahoo, wanda Jerry Yang da David Filo suka fara a 1994, jerin shafuka ne da mutane ke tsarawa da hannu. Da injuna irin su AltaVista na 1995 suka bayyana, suna la'akari da yawan fitowar kalma a shafi, sai masu wayo suka riƙa rubuta kalma ɗaya sau ɗaruruwa da farin rubutu a kan farin bango. Idon mai karatu ba ya ganin komai, injin kuwa yana ta ƙirgawa.

Dabarar da ta ɗaga Google ta fito ne daga ɗalibai biyu na Jami'ar Stanford, Larry Page da Sergey Brin, a 1996. Suka ce kada a tambayi shafi game da kansa, a duba su wa ke nuna shi. Duk mahaɗar da wani shafi ya sa, wadda in an latsa za ta kai mutum wurinka, shaida ce a kanka, kuma shaidar babban shafi ta fi ta ƙarami nauyi. Kamar binciken aure ne: ba a tambayar saurayi halinsa, maƙwabta ake tambaya, kuma maganar dattijon unguwa ba ɗaya take da ta abokin yawonsa ba. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, haƙƙin mallakar wannan lissafi, PageRank, na jami'ar ne a lokacin. Google ya biya ta da hannun jari, ita kuma ta sayar a 2005 a kan dala miliyan 336.

Tunda shaida ta zama kuɗi, sai aka shiga ƙirƙirar shaidar zur. Kusan duk abin da ya biyo baya a tarihin sana'ar nan daga nan ya taso.

A ƙarshen 2003, duk wanda ya rubuta “miserable failure” a Google, wato wanda ya gaza mummunar gazawa, abin da ke fara fito masa shi ne tarihin Shugaba George W. Bush a shafin fadar White House. Kalmomin nan biyu ba sa cikin shafin ko sau ɗaya. Masu adawa da shi ne suka haɗa baki, kowa ya sa mahaɗa zuwa shafin da waɗannan kalmomi, injin kuma ya gaskata su. Sai a Janairun 2007 Google ya gyara lissafinsa ya kashe wasan.

Manyan kamfanoni ma ba su tsira daga kwaɗayin ba. A Fabrairun 2006 Google ya cire shafin BMW na Jamus gaba ɗaya daga sakamakonsa, saboda abin da shafin ke nuna wa injin daban, abin da yake nuna wa mutane daban. Kamfanin ya gyara, aka mayar da shi bayan 'yan kwanaki. Na J.C. Penney, babban kantin Amurka, ya fi wannan girma. Jaridar New York Times ta bankaɗo a Fabrairun 2011 cewa kantin ya yi watanni yana sahun farko a neman riguna, zannuwan gado, dardumai da tarin wasu kaya, albarkacin dubban mahaɗai da aka dasa a shafukan da ba ruwansu da tufafi. Har a wani shafi na injiniyancin nukiliya an samu mahaɗar baƙaƙen rigunan mata. Kantin ya ce bai san an yi ba, ya kori kamfanin da ke yi masa aikin. Da hukunci ya sauka, a neman wata jakar tafiya ya faɗo daga na 1 zuwa na 71 cikin awa biyu.

Google ya taɓa hukunta kansa. A Janairun 2012 aka gano wani kamfen na tallan Chrome ya biya masu rubutu, kuma an samu mahaɗar da ta saɓa ƙa'idar kamfanin. Sai ya rage wa shafin Chrome matsayi na aƙalla kwana 60.

Labarin da ya fi tayar da hankali shi ne na wani mai sayar da tabarau ta intanet a Brooklyn, Vitaly Borker. Shi da gangan yake cin zarafin masu sayen kayansa. Wanda ya yi ƙorafin an aiko masa jabu, sai ya sha zagi da barazana, har ya taɓa aika wa wata mata hoton gaban ginin da take zaune don ta san ya san inda take. Da ɗan jarida ya same shi a 2010, bai ɓoye ba. Ya ce duk lokacin da mutane suka fusata suka je manyan shafukan ƙorafi suka rubuta sunan kantinsa, matsayinsa a Google ƙaruwa yake, ciniki kuma ya ƙaru. A fahimtarsa injin yana ƙirga ambato ne, bai damu da yabo ne ko tsinuwa ba. Kwanaki kaɗan bayan fitar labarin Google ya sanar da gyara a lissafinsa, hukuma ta kama mutumin, a 2012 kotu ta ɗaure shi shekara huɗu. Abin da ke damuna a labarin nan shi ne mutanen da suka sha wuya kafin a farga. Sun yarda da kantin ne don sun gan shi a sama, kuma har gobe haka yawancinmu muke ɗauka, cewa wanda ke sama shi ne amintacce.

Wani lokaci ba a yaudarar injin, rubutun ne ake lanƙwasawa ya dace da shi. A 2011 Huffington Post ta wallafa maƙala da take ba komai ba ne illa tambayar da Amurkawa ke rubutawa a ranar: ƙarfe nawa za a fara wasan Super Bowl? Ta kwashi masu karatu, sauran jaridu suka bi sahu shekara da shekaru. A wannan shekarar ce Google ya fito da gyaran da ake kira Panda, sunan wani injiniyansa Navneet Panda, don murƙushe shafukan da ke biyan marubuta ɗan abin da bai taka kara ya karya ba su cika intanet da rubutun da ba shi da ɗanɗano. Gyaran ya taɓa kusan kashi 12 cikin ɗari na binciken da ake yi a Amurka.

A birnin New York akwai gidan abinci da sunansa na gaskiya, wanda ke rubuce a allon ƙofa, shi ne Thai Food Near Me, wato daidai jimlar da mai jin yunwa ke rubutawa a waya in yana neman abincin Thailand kusa da shi.

Na CNET kuwa baƙin ciki ne. A Agustan 2023 aka gano wannan tsohuwar kafar labaran fasaha ta goge dubban tsofaffin maƙalunta, wai don Google ya ɗauke ta a matsayin shafi mai sabon abu. Jami'in Google mai magana kan harkar bincike ya fito ya ce injinsu ba ya ƙin rubutu don ya tsufa. Aikin 'yan jarida na shekaru aka sadaukar saboda zato.

Zato kuwa shi ne jarin wannan sana'a, domin Google ba ya bayyana lissafinsa. Shi ya sa aka yi ta cece-kuce a Mayun 2024 lokacin da wasu takardun cikin gida na kamfanin, shafi kusan 2,500, suka fita fili, ɗauke da abubuwa sama da 14,000 da tsarin ke iya adanawa game da shafuka. Jami'an kamfanin sun daɗe suna rage wa batun latsawa muhimmanci, amma takardun, tare da shaidar da aka bayar a kotu a 2023 a wata shari'a da aka yi da kamfanin, sun nuna akwai wani tsari mai suna NavBoost da ke lura da abin da mutane ke latsawa. Wannan shari'ar ce kuma ta fallasa cewa a 2022 kaɗai Google ya biya Apple dala biliyan 20 don ya zama injin binciken da mai iPhone zai tarar a shirye. A Agustan 2024 Alƙali Amit Mehta ya yanke hukuncin cewa kamfanin ya yi babakere ba bisa doka ba.

Google ya sha faɗin cewa kashi 15 cikin ɗari na abin da ake nema kowace rana bai taɓa ganin an nema ba. Kuma duk da ƙarfin na'urorinsa, yana da dubban mutane a ƙasashe daban-daban da ake biya su duba sakamako su ba shi maki, bisa wani littafin ƙa'idoji mai shafi fiye da ɗari. Littafin ya tsananta musamman kan shafukan da suka shafi lafiya da kuɗi.

Sabon yayi shi ne amsar da ƙirƙirarriyar basira ke rubutawa a saman sakamako. A makonnin farko na fitowarta a Amurka, a Mayun 2024, ta shawarci mutane su zuba gam a miyar pizza don cuku ya manne. An bi sawun maganar aka tarar da ita a wani tsohon barkwanci da wani ya rubuta a shafin Reddit shekara goma sha ɗaya kafin nan.

A ɓangarenmu, mai rubutu da Hausa yana da matsalar da Bature bai sani ba. Marubuci ya rubuta ƙasa da lanƙwasa, mai nema ya rubuta kasa don allon wayarsa ba shi da harafin, ko don sauri. A Najeriya ana rubuta 'ya'ya, a Nijar ƴaƴa. Ga kuma wanda zai haɗa rabin jimla Hausa rabi Turanci ko Faransanci. Mai son a same shi dole ya san yadda jama'a ke rubuta tambaya a waya, amma ban ga dalilin da zai sa ya zubar da daidaitacciyar ƙa'idar rubutu saboda haka ba.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne irin abin da ke hawa sama. Mun saba da taken da ke farawa da salati ko “Innalillahi”, da hoton fitaccen ɗan Kannywood, ka latsa ka tarar babu mutuwa babu komai. Wannan ɓata lokaci ne kawai. Amma uwa da ta rubuta tambaya kan zazzaɓin jaririnta, ko magidanci mai neman bayani kan hawan jini, sau da yawa mai tallan magani ne ke fara tarbarsu, da lambar waya a ƙarshen rubutu. Injin yana zaɓa ne daga abin da ke akwai, abin da ke akwai da Hausa kuwa kaɗan ne ƙwarai in aka kwatanta da miliyoyin masu magana da harshen. Likita ɗaya a Kano, ko malamin gona ɗaya a Maraɗi, da zai zauna ya amsa irin tambayoyin nan, alamomin sikila ga jariri ko yadda ake adana wake ba tare da zuba guba ba, da Hausar da ake magana da ita, ya sa sunansa da ranar da ya rubuta, zai iya hawa sahun farko ba tare da ya sayi mahaɗa ko ɗaya ba, domin a tambayoyi da yawa babu ma wanda zai yi gasa da shi.