Kwana Uku a Birnin Faris: Yadda Ake Shirya Ziyarar Buɗe Ido

Yawancin masu zuwa Faris, babban birnin Faransa, kwana uku ko huɗu ne kawai a hannunsu, amma sai su tafi da jerin wuraren da ko wata guda ba zai isa a zagaye su ba. Ƙarshenta su ƙare a tsayuwar layi da hawa da sauka a tashoshi, su koma gida da ciwon ƙafa ba su kalli komai a natse ba. Taura biyu ba ta taunuwa. Gajeriyar ziyara tun daga gida ake shirya ta, kuma babban shirin shi ne mutum ya san abin da zai haƙura da shi.

Biza ce farkon magana. Faransa tana cikin ƙasashen Schengen, waɗanda bizarsu ta gajeren zama ke ba baƙo damar yin kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Ana iya miƙa takardu tun saura wata shida a tashi, don haka babu dalilin jira sai lokaci ya ƙure. Za a nemi fasfo mai sauran wa'adin aƙalla wata uku bayan ranar dawowa, da shaidar masauki, da ta kuɗin guzuri, da inshorar lafiya wadda ta kai Yuro 30,000.

Sai zaɓen lokaci. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, yini ya yi tsawo, amma cunkoso da tsadar otal sun fi yawa. A Disamba kuwa kafin ƙarfe biyar na yamma an yi magariba, ga sanyi mai ratsa ƙashi. Afrilu da Mayu, ko Satumba da Oktoba, sun fi sauƙi ga wanda bai saba da sanyi ba.

An raba birnin gunduma 20, kuma kogin Seine ya ratsa shi ta tsakiya. Wanda ya samu masauki kusa da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, wato Metro, ya rage wa kansa rabin wahala, domin tun 1900 wannan jirgi yake aiki kuma kusan babu unguwar da bai shiga ba. Daga filin jirgin sama na Charles de Gaulle, jirgin RER B ne ke kai mutum tsakiyar gari a kan kuɗin da bai kai na tasi ba.

Abin da ya fi kayar da baƙi shi ne ranakun hutu. Gidan tarihi na Louvre a rufe yake ranar Talata, na Orsay da fadar Versailles kuma ranar Litinin. A sayi tikiti ta intanet tun kafin a taso, mai ɗauke da rana da sa'ar shiga, sannan a ba kowace rana ɓangare guda na gari.

Ranar farko ta Louvre ce. Kayan da aka baje a cikinsa sun kai kimanin 35,000, saboda haka a zaɓi sashe biyu kawai. Kowa Mona Lisa yake nema, zanen Leonardo da Vinci, kuma da yawa sukan yi mamakin ƙanƙantarsa: tsawonsa santimita 77 ne, yana bayan gilashi, jama'a sun yi dafifi a gabansa kowa ya ɗaga waya sama. Minti kaɗan za ka samu kafin na baya su matso. Sashen fasahar ƙasashen Musulmi da aka buɗe a 2012 ya fi sarari, a nan mutum zai tsaya ya ƙare wa dardumai da tasoshin tagulla masu rubutun Larabci kallo. Daga nan a taka ta lambun Tuileries zuwa dandalin Concorde, a miƙe titin Champs-Élysées har ƙofar Arc de Triomphe, wadda Napoleon ya ba da umarnin ginawa a 1806.

Rana ta biyu a fara da cocin Notre-Dame, wanda gobara ta ci a Afrilun 2019, aka sake buɗe shi a Disambar 2024. Daga can tafiyar ƙafa ce zuwa Babban Masallacin Faris da ke gunduma ta 5. An buɗe shi a 1926 don tunawa da sojoji Musulmi na ƙasashen da Faransa ta yi wa mulkin mallaka, waɗanda suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Akwai wurin alwala, da lambu, da ɗakin shan shayi mai na'ana'a. Da yamma sai Hasumiyar Eiffel, wadda aka kammala a 1889, tsawonta a yau mita 330. Bayan duhu ya shiga, fitilunta kan yi walƙiya na minti biyar a farkon kowace sa'a, kuma kallon wannan kyauta ne.

Rana ta uku a hau tudun Montmartre a hango gari daga sama, a gangaro Château Rouge inda 'yan Afirka ke kasuwa, a samu doya da kuɓewa da naman halal.

Abu biyu kada a manta. Faransawa ba sa son a fara magana babu gaisuwa, don haka in ka shiga kanti ka fara cewa “bonjour”. Sannan 'yan sane suna aiki a Metro da wuraren taruwar baƙi. Jaka ta koma gaba, kuma duk wanda ya miƙo maka takarda wai ka sa hannu, ko ya nemi ɗaura maka zare a hannu, ka wuce abinka.

Rabin yinin ƙarshe a bar shi babu komai. Yajin aiki ko gyaran layin dogo kan jinkirta hanyar filin jirgi, kuma wanda ya cika jadawalinsa har bakin ƙofa shi ne jirgi ke tashi ya bari.