Matakin Tsakiya a Koyon Harsunan Danmak, Norwe da Suwidin

Waɗanda suka karanta kimiyyar siyasa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a shekarun 1980 ba za su manta da Björn Beckman ba, mutumin Suwidin da ya koyar a can. Shi da Gunilla Andrae suka fitar da littafi a 1985 kan yadda burodin alkamar waje ya ɗaure Najeriya, suka kuma yi bincike kan auduga da masaƙu, abin da manomin Faskari da Sabuwa ya sani ciki da bai. Yau kuwa akalar ta juya. 'Yan nan ne ke hangen can: ɗan ƙwallo irin Alhassan Yusuf, haifaffen Kano da ya je IFK Göteborg a 2018, da ma'aikaciyar jinya, da matashin Ƙanƙara mai digiri daga jami'ar Dutsin-Ma da ke neman ƙarin karatu.

Kusan kowa a cikinsu yana jin an ce da Turanci ma za a rayu a can. Gaskiya ne, kuma a nan tarkon yake. Mutanen ƙasashen uku, Danmak da Norwe da Suwidin, sun iya Turanci sosai, har da zarar baƙo ya fara in'ina a harshensu sai su juya masa zuwa Turanci don saukaƙa masa. Haka mutum zai shekara biyar bai wuce gaisuwa da tambayar kuɗin kaya ba.

Jami'o'in Turai suna auna ƙwarewar harshe da ma'auni mai hawa shida, daga A1 zuwa C2, wanda aka wallafa a 2001. Hawa na uku da na huɗu, wato B1 da B2, su ne matakin tsakiya. A jami'o'in da ke koyar da waɗannan harsuna a matsayin fanni, irin Edinburgh da University College London a Birtaniya, ko Wisconsin ta Amurka wadda ta fara tun 1875, galibi a shekara ta biyu ake shiga wannan mataki. Malami yakan rage Turanci a aji. A ajiye littafin "ina kwana, ina gajiya", a ɗauko jarida da gajerun labarai, a sa ɗalibi ya rubuta ra'ayinsa ya kuma kare shi da baki.

Ribar da ke ɓoye a wannan mataki ita ce harsunan uku 'yan ɗaki ɗaya ne. Mai sayen shanu a kasuwar Sheme yakan yi ciniki da Bazamfare da Bakano da Basakkwace, kowa da irin bakinsa, ba tare da tafinta ba. Tazarar da ke tsakanin harsunan Danmak da Norwe da Suwidin ta fi wannan faɗi, amma ba ta hana su fahimtar juna. Shi ya sa a matakin tsakiya ake fara ba ɗalibin harshe ɗaya rubutun sauran biyun. Wanda ya daure ya haye wannan mataki ya samu hanyar karanta abin da mutum sama da miliyan 20 ke rubutawa.

Tarihi ne ya tsara abin haka. Norwe ta yi ƙarni huɗu da ɗoriya a haɗe da Danmak har zuwa 1814, sannan ta shiga tarayya da Suwidin har 1905. Saboda haka salon rubutun da mafi yawan mutanen Norwe ke amfani da shi, Bokmål, ya yi kama da na Danmak ƙwarai, alhali furucinsu ya fi kusa da na Suwidin. Akwai kuma salo na biyu, Nynorsk, wanda ya samo asali daga aikin Ivar Aasen na tattara karin harsunan karkara. Idan da ɗalibi zai nemi shawarar da wanne zai fara, na Norwe ya fi cancanta, domin masu shi sun fi kowa jin maƙwabtansu. Sai dai a Norwe kowa da karin garinsu yake magana, har a rediyo da majalisa, kuma wannan kan rikita kunnen baƙo.

Bahaushe yana da jari a nan wanda Bature ɗan Ingila ba shi da shi. Yadda Hausa ke liƙa harafi a ƙarshen suna a ce mota, motar, haka su ma suke yi: bil mota ce, bilen kuma motar da aka sani. Kunnen da ya saba rarrabe dogon wasali da gajere ba zai sha wuya da harsunan Norwe da Suwidin ba. Har karin sauti suna da shi. A harshen Suwidin, anden na iya zama agwagwa ko ruhi, gwargwadon yadda murya ta hau ta sauka.

Na Danmak ne mai taurin kai. Rubutunsa mai sauƙi ne, amma a baki sai a haɗiye rabin baƙaƙen, ga wata 'yar sarƙewa a maƙogwaro da ke bambanta kalmomi. Ƙidayarsu daga 50 zuwa 90 da ashirin-ashirin aka gina ta, har 'yan Suwidin kan tsaya lissafi a kanti. Ga kuma kalmomi masu yaudara: rolig natsuwa ce a Danmak da Norwe, a Suwidin kuwa abin dariya.

Maganar kuɗi ba ta da daɗin ji. Danmak ta fara karɓar kuɗin makaranta daga ɗaliban da ba na Tarayyar Turai da ƙawayenta ba a 2006, Suwidin ta bi a 2011, Norwe ta rufe ƙofar karatun kyauta a 2023. Duk ɗan bumburutun da ya ce wa iyaye a Sabuwa su sayar da gona domin "karatu kyauta ne a Norwe", labarin da ya tsufa yake sayar musu. Abin da ya rage shi ne tallafin karatu irin na Swedish Institute, wanda 'yan Najeriya ke cikin masu iya nema, da guraben digirin digirgir, waɗanda a can aiki ne mai albashi.

Digiri na biyu da yawa da Turanci ake yin su. Amma mafi yawan digirin farko da harshen ƙasa ne, kuma sai an ci jarrabawa: Tisus a Suwidin, Studieprøven a Danmak, Norskprøven a matakin B2 a Norwe. A Suwidin da Norwe, likita ko ma'aikaciyar jinya da ta yi karatu a Najeriya ba ta samun lasisi sai da shaidar harshe. Hukumar lafiya ta Suwidin tana karɓar shaidar kowane ɗaya daga cikin harsunan uku, muddin ya kai matakin da ta gindaya.

Wanda yake Ƙanƙara da wayarsa zai iya taɓa matakin farko da manhajar Duolingo, wadda ke da darussan duka ukun ga mai jin Turanci. Ba za ta kai shi tsakiya ba. Daga nan sai jaridun da ake rubutawa da sassauƙan harshe, 8 Sidor ta Suwidin da Klar Tale ta Norwe, da labaran da gidan rediyon Suwidin ke karantawa a hankali domin baƙi. Sauraren labaran ba ya cin data da yawa, kuma ana iya sauke su a waya a lokacin da sabis ya samu.