Tseren Gudu a Kan Titi

1.0 Gabatarwa

Tsere daɗaɗɗen wasa ne a ƙasar Hausa. Yara kan yi shi a dandali, makiyaya a fage, mahaya kuma su yi sukuwa da dawaki ranar salla. Wannan darasi zai duba sabon salon wasan, wato tseren gudu a kan titi, da yadda yake ɗaga sunan ƙaramin gari.

2.0 Ma'anar Tsere

Kalmar "tsere" suna ce mai dangantaka da aikatau "tsere wa", wato mutum ya wuce abokin karawarsa da gudu. Da wasannin zamani suka shigo, kafofin yaɗa labarai na Hausa sun riƙa kiran dogon gudu da "gudun famfalaƙi" ko "gudun ya da ƙanin wani". Bambancin na zamani da na gargajiya shi ne awo. A dandali, daga wannan bishiya zuwa waccan ya wadatar. A kan titi kuwa, sai ƙwararru sun auna tazara, kamar kilomita 10, ko kilomita 42.195 ta cikakken gudun famfalaƙi, sannan a riƙe lokacin kowa da agogo.

3.0 Misalin Garin Okpekpe

Okpekpe ƙaramin gari ne mai tsaunuka da ke Ƙaramar Hukumar Etsako ta Gabas a Jihar Edo, kusa da Auchi. A shekarar 2013, zamanin Gwamna Adams Oshiomhole, aka fara tseren kilomita 10 a can. A 2015 hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta ba tseren lambar tagulla, ya zama na farko a Nijeriya da ya sami irin wannan shaida. Hanyar cike take da hawa da gangara, don haka ƙarfin ƙafa kaɗai ba ya isa, sai da dabarar tattalin numfashi.

'Yan Kenya da Habasha ne suka fi lashe gasar. Daga cikin dalilan akwai atisaye a kan tuddai, inda ƙarancin iskar shaƙa ke sa jiki ya ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini. Ba mamaki ke nan da 'yan Jihar Filato suka yi fice a dogon gudu a cikin gida.

4.0 Sharuɗɗan Shirya Tsere

Ba a fafe gora ranar tafiya. Garin da ke son shirya tsere yana buƙatar aunannen titi, wuraren shan ruwa, ma'aikatan lafiya, da yardar sarakuna da jama'a. A yanki mai zafi kamar Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi, dole a tashi da sassafe, kuma lokacin hunturu ya fi dacewa. Babban sharaɗi shi ne tsaro. Hanyar da ta bi ta Gurbin Ɓore zuwa Jibiya ta sha fama da hare-haren 'yan bindiga, kuma baƙo ba ya zuwa gudu inda mai gari yake tsoron fita.

5.0 Kammalawa

Okpekpe ta nuna cewa ƙaramin gari yana iya yin suna da titi guda da haɗin kan mutanensa. Matasan karkararmu sun gaji gudu tun daga dandali. Abin da ya rage shi ne tsari da zaman lafiya.

Auna Fahimta

1. Bambanta tseren gargajiya da na zamani.
2. Kawo sharuɗɗa uku na shirya tsere a garinku.