Gamba Ma Abar Ado Ce a Tsakar Gida

Duk wanda ya zaga gidajen zango a Tamale ko Kumasi zai ga mun kama son furanni. Wannan ya dasa a gwangwani, wancan a tsohon bokiti, ana ta ɗawainiyar ban ruwa safe da yamma. Da rani ya tsananta, famfo ya ɗauke, sai duk su bushe. Alhali kuwa muna da tsiron da ba ya neman wannan wahala, wato gamba, ciyawar da kakanninmu ke saƙa zana da ita.

A Amurka, inda gonaki suka cinye filayen doguwar ciyawa har abin da ya rage bai kai kashi 4 cikin 100 ba, mutane sun koma dasa ciyayin ƙasarsu a ƙofar gida don ado. Babbar cikinsu 'yar'uwar gamba ce, masana na kiran zuriyarsu Andropogon. Mu ma a nan, dajin da ake yankan gamba kullum ƙara nisa yake yi saboda noma, kiwo da wutar daji. Yara da yawa a makarantunmu sun san zana, amma ba su taɓa ganin gamba a tsaye ba.

Dashenta ba wuya. Idan damina ta zauna, wajen watan Yuni, a sami tsohon tushe a tona da fartanya, a raba shi gida uku ko huɗu, kowane da saiwarsa. A rage ganyen ya zama kamar kamu ɗaya, a dasa a jikin katanga inda rana ke samu, a bar taku biyu tsakani. Irinta ma yana fita, sai dai ba duka ke tsira ba, don haka dashe ya fi tabbas. Ba ta neman taki mai yawa. Saiwarta na nutsewa ƙasa sosai, shi ya sa take jure dogon rani, kuma take riƙe ƙasa kada ruwan sama ya zaizaye gindin gini. Manoman Nijar sun daɗe suna barinta a iyakar gona. Da kaka takan wuce mita 2, ta fid da kai mai gashi fari-fari, iska na kaɗa shi gwanin sha'awa.

Amma fa a yi hattara da wuta. An kai gamba Ostireliya cikin shekarun 1930 don kiwon shanu, da sunanta na Hausa ake kiranta can har yau. Da yake ba a yankanta kamar yadda muke yi, sai ta mamaye daji, wutarta na cin manyan itatuwa, har a 2012 aka sa ta cikin miyagun ciyayi na ƙasa baki ɗaya. Saboda haka kada a dasa ta kusa da murhu ko ɗakin jinka. Kafin hunturu ya busar da ita, a sa lauje a yanke, a share gindin don kada maciji ya sami maɓoya. Karan a yi zana, ganyen a ba tumaki, tushen kuma ya sake tohowa da ruwan fari.

Muna kira ga 'yan'uwanmu malamai su ware gefe guda a lambun makaranta, su sa yara su dasa da hannunsu, a kuma gayyato wani dattijo ya nuna musu saƙar zana. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.