Yadda Ake Ƙera Motar Tsere Domin Ranar Hatsari

Duk wanda ya ga hatsarin Romain Grosjean a gasar Formula 1 ta Baharen a 2020, inda motarsa ta daki shingen ƙarfe tana gudun kilomita 192 a sa'a, ta rabe biyu, ta kama da wuta, amma ya fito da ƙafafunsa da ƙuna a bayan hannuwansa, lalle zai yi tasbihi, sa'an nan ya nemi sababi.

Asalin hikimar shi ne maƙeran sun yarda mota ta halaka domin direba ya tsira. An yi hancinta da bayanta da gefunanta ta yadda za su ragargaje daki-daki, ƙarfin karon ya ƙare a kansu kafin ya riski mutum, alhali ɗakin da direba ke zaune, wanda kamfanin McLaren ya fara ƙerawa da zaren kabon a 1981, yana nan daram. Bisa kan direba kuwa akwai wani baka na ƙarfen titaniyam da aka wajabta tun 2018, wanda Grosjean kansa ya soka da farko, kuma bakan ne ya ture ƙarfen shingen daga kansa a wannan rana.