Tagar Yankar Kati Bayan Shigowar Kwamfuta

Kafin ƙarfe takwas na safe benci ya cika a sashen yankar kati na wani asibitin koyarwa na tarayya a Arewa. A da, sai masinja ya shiga ɗakin fayil ya laluɓo takardun majiyyaci, wani lokaci a wuni ana nema. Yanzu lamba kawai ake bugawa, bayanin ya bayyana a gaban likita, da ɗakin gwaji, da wajen karɓar magani, ta hanyar sadarwar cikin gida da ta haɗa kwamfutocin asibitin. Kuɗi ma ba a miƙa wa kashiya a hannu kamar da. Tun 2015 da aka tilasta asusun bai-ɗaya na TSA, biyan kuɗin hukumomin tarayya ta Remita yake bi, da lambar biyan kuɗi ta RRR.

Ma'aikatan taga ba sa kewar ƙurar ɗakin fayil. Kukansu shi ne an tsara manhajar ba tare da an zauna da su ba. Gurbin suna ba ya karɓar alamar da ke cikin Sa'adatu ko Mu'azu. Muhammad ɗaya kan tashi da kati uku, domin yau an rubuta Mohammed, gobe Muhammed, kuma na'urar ba ta san mutum ɗaya ba ne. Ranar haihuwa dole ce, alhali tsohuwar da aka kawo daga ƙauye shekarunta kawai take iya kintatawa. Sai ma'aikaci ya sa 1 ga Janairu don layi ya motsa, har ka rantse rabin dattawan jihar rana ɗaya aka haife su.

A ɗakin kwanciya kuma kalmar sirri ce matsala. Tana da tsawo, ana yawan sauya ta, shi ya sa nas-nas na aikin dare kan yi amfani da ta mutum guda. Idan aka yi kuskure a magani, ba a san hannun wa ba ne. In wuta ta ɗauke kafin janareto ya tashi, duk abin da aka rubuta ya tafi, sai ka ji ana gaya wa masu jira: “Babu netwok, a yi haƙuri.”

Sauƙi ya fara samuwa ne da jami'in kwamfuta ya bar ofishinsa ya ja kujera kusa da masu yankar kati yana kallon inda suke sarƙewa. Aka ƙara neman majiyyaci da lambar waya. Aka buɗe gurbin kiyasin shekaru. Aka sa manhajar ta riƙa adana rubutu da kanta, aka haɗa wa sashen sola. Dabarar zama a kalli masu aiki ba sabuwa ba ce. Tun shekarar 2000 masani Jakob Nielsen ya bayyana cewa kallon mutum biyar suna amfani da manhaja kan tona mafi yawan matsalolinta.

Shugabannin asibitoci da ma'aikatu su lura: kafin a biya ɗan kwangila kuɗin manhaja, a zaunar da mai yankar kati da nas su gwada ta. Abin da ya gagare su, shi zai tsayar da majiyyaci a layi.